Waƙar Godiya ga Zalɓe

A gidanmu na ƙauye, can gefen Marnona a ƙasar Wurno, da damina aka fi yin tatsuniya, kuma sauro ne ya jawo haka. Da an idar da sallar isha'i kakarmu Tumba takan hura wuta a wani tsohon kasko a bakin ɗakinta, ta ɗora ɗanyen ganyen dogon yaro a kai don hayaƙi ya kore shi. Mu jikoki sai mu kewaye kaskon, idanu suna ruwa, kowa ya tura masararsa gefen garwashi yana gadinta. Hayaƙin yakan kama mana tufafi har washegari. Har yau in na bi ta inda ake ƙona ganyen nan, sai in ji kamar za a ce in matsa in ba ƙanena wuri.

Tumba ita ta haifi babanmu. Daga Gandi aka auro ta, a ƙasar Rabah. Tun tana budurwa ita ke tsara wa 'yan matan garinsu waƙar gaɗa, da ta yi aure kuma ta zama mai ba da waƙa a kiɗan ƙwarya na mata in ana biki. Lokacin da muka yi wayo ta daɗe da bari, amma kunnenta bai bari ba. In matan gida suna daka suna waƙa, daga cikin ɗaki za ka ji ta: "Ke mai taɓaryar tsakiya, kin yar da amshi ƙasa, ɗauke shi!" Takan ce murya mai daɗi kyauta ce, ko tsuntsu yana da ita. Aikin yana wurin wanda ya san wa zai tsaya kusa da wa, muryar wa za ta ɗauki ta wa, da inda masu amshi za su shigo.

Tana da yadda take buɗe tatsuniyarta. Sai ta ƙwanƙwasa gefen kasko da ɗan kara ta ce, "Ga baƙuwa bakin ƙohwa, wa ka buɗe mata?" Mu kuma mu haɗa baki, "Mu na, ta shigo mu ji ta!"

Wata rana an yi ruwa da la'asar, kwaɗin fadama suka cika gari da kuka. Ƙanena Nasiru ya toshe kunne ya ce sun dame shi da ihu.

"Ihu kaka ji?" in ji Tumba. "Saurara da kyau. Manya na ƙasa, ƙanana na bisa, ga masu karɓawa can ƙetare. Wani na yat tsara musu shi. Ku matso in gaya muku ko wane na."

Ta ce da can kwaɗi ba su iya waƙa ba, kowa nasa yake yi, sai hayaniya. Sai aka haifi wani kwaɗo a wani tabki, ana ce masa Kumburau. Shi ba shi da murya, amma Allah ya ba shi kunne. Ya tara kwaɗin tabkin ya jera su sahu-sahu, masu kaurin murya a gaba, masu siririya a baya, mata a gefe suna amshi. Ya ƙaga musu waƙar ruwan farko, da ta fitar wata, da ta rarrashin 'ya'ya. Waƙa ta yi daɗi har shanun Fulani in sun zo shan ruwa sai su tsaya baki a jiƙe suna saurare.

Ana nan sai Zalɓe ya sauka a tabkin. Ya tsufa, ba ya iya bin kwaɗo cikin ciyawa. Ya sami Kumburau ya ce, "Gwani, na zaga tabkuna ban ji kamarka ba. Abin tausai, nan cikin taɓo sunanka za shi ƙare. Tsara mani waƙa guda, ni ko in kai sunanka duk inda hiffikena ya kai." Sai dai yana da roƙo: a fito bisa tudu a yi masa ita, don ruwa yana cinye sauti, kuma mawaƙa su rufe ido su ɗaga kai sama, don ta nan murya ta fi fita. Shi zai tsaya daga baya ya saurara.

A nan Tumba takan kumbura kumatu ta rera mana, mu karɓa:

Dogo, uban marayun tabki,
Mun gode, Dogo, mun gode.
Inuwarka ta ruhe mu,
Mun gode, Dogo, mun gode.

Muna amshi muna tafi muna dariya, sai ta ɗaga hannu mu yi tsit. Ta ce ana cikin waƙa Zalɓe ya miƙa wuya ya tsince ɗaya daga sahun baya, ya haɗiye. Kowa idonsa a rufe, ban da mutum guda. Kumburau yana gaba yana fuskantarsu, idonsa biyu. Ko da ma bai gani ba, kunnensa ya ji murya ɗaya ta yanke.

"Mi kuka tsammani ya yi?" ta tambaye mu.

"Ya yi kuwwa!" in ji mu.

"Bai yi ba. Cewa ya yi, na kusa shi matsa hagu, sahun baya ku ƙara murya."

Haka aka yi ta yi kowace yamma. Sahu yana raguwa, Kumburau yana gyara. In siririyar murya ta ɓace sai ya karkato da amshin mata ya rufe wurin. Don gwanintarsa, waƙar ma sai ƙara daɗi take yi. Wata uwa ta zo ta ce ba ta ga ɗanta ba. Ya ce an ɗauke shi waƙa wani tabki, ta koma sahu ta rufe ido, tana ɓata amshi. Har ranar da aka wayi gari babu sauran mai karɓa masa.

"Sai Zalɓe ya haɗiye shi!" Nasiru ya faɗa yana tsalle.

"Zalɓe ba wawa na ba," in ji Tumba. "In ya canye shi, wa za shi tara mai wasu? Ɗaukar shi ya yi a hankali, yak kai shi tabki na gaba. Nan baƙuwata tat tsaya, wanda bai ƙoshi ba shi bi ta."

Muka ce ba mu yarda ba, a sake. A duk tatsuniyoyinta mugu yakan sha kashi, ko ya faɗa rijiya, ko kura ta yi gaba da shi. Wannan kaɗai ta bari ya tafi da ƙoshinsa. Na tuna na kasa cin masarata, ina ganin kamar santsin kwaɗo ne a jikinta. Tumba ta tofa yawu cikin garwashi ya yi cuu, ta ce a tashi a kwanta.

Ina da kamar shekara goma sha biyu aka kawo Malam Basiru Islamiyyarmu. Ba malamin aji ba ne, mai tsara waƙoƙi ne. Duk makarantar da za ta yi walimar sauka ko taron Maulidi, daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, shi ake aika wa. Yakan rubuta baitoci, ya sa musu karin murya, ya zo ya zauna da yara har su iya. Ranar da ya fara jera mu ya bi sahu yana kara kunne a bakin kowa, ya ce ke koma can, ke dawo nan. Da muka ɗauki waƙar gaba ɗaya sai tsigar jikina ta tashi. Ban san muryoyinmu, mu 'yan talla da ɗiban ruwa, za su iya zama haka ba. Tarihin Manzon Allah da na sani, rabinsa daga baitocinsa na koya. Na zo gida na rera wa Tumba, ta saurara har ƙarshe ta ce, "Wanga ya san aikinai." Ba ta cika faɗin haka a kan kowa ba. Ina faɗin wannan ne don kada a ce dama can ina ƙinsa.

Tumba ta rasu kafin aurena. Aka kai ni wani ƙauye a ƙasar Goronyo, ƙasa da madatsar ruwa, inda maigidana ke noman albasa da rani, yana kamun kifi in ruwa ya kawo. Shekarar da gulbin Rima ya cika ya shigo mana gari, 'yata Hafsatu ba ta kai goma ba. Muka kwashi abin da hannu ya iya ɗauka muka hau tudu, aka zuba mu a wata makarantar firamare, gida da yawa a aji guda. A ajinmu tabarmata tana jikin ta Hajara, maƙwabciyata tun a gari, da 'yarta Ruƙayya, ƙawar Hafsatu. Ruƙayya ita ce yarinyar da in tana wanke-wanke tana waƙa, masu wucewa kan rage tafiya.

Ba a jima ba amai da gudawa ya shigo. Rijiyar makarantar ta gurɓace, makewayi ya cika ya tumbatsa, ƙuda ya yi baƙi a ko'ina. Wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta ce a riƙa tafasa ruwa, a daina cin abinci a kwano ɗaya, duk wanda ya fara a garzaya da shi asibitin cikin gari.

Ana cikin haka Malam Basiru ya iso a kan babur, da lasifika ɗaure a baya. Ya yi furfura, amma na gane shi tun daga nesa, har na ji daɗi. Ya tara maza ya ce wani attajiri ɗan yankinmu, mazaunin birni, wanda ke neman kujera a zaɓe mai zuwa, zai kawo ziyarar jaje, kuma shi aka ba aikin tsara waƙar tarbarsa. In baƙo ya ji daɗi, in ji shi, har rijiyar burtsatse zai haƙa mana. Amma fa kada maganar ciwo ta fita, don in mutanensa suka ji ba za su bar shi ya zo ba. Masu kai yara asibiti su ɗan saurara a gama taro. Maza suka dubi juna, aka ce to. Wanda ruwa ya cinye wa rumbu ba ya musu da mai alkawari.

Ya tara yaran a gindin wata bishiyar bedi, ya jera su yadda ya jera mu a da. Kunnensa bai tsufa ba. Yana jin Ruƙayya ya jawo ta gaba ya ce ita za ta ba da waƙa. Hafsatu ta sami sahu na biyu. Waƙar kuwa, Allah ya gani, ta tsaru. Tana cewa ruwa ya ci gidajenmu amma Alhaji ya zama rufinmu, ya share hawayen marayu, ya shayar da mu ruwa mai sanyi. Mutumin da ko ƙwayar gero ba mu gani daga gare shi ba tukuna. Ana koya ana maimaitawa cikin rana, in maƙogwaro ya bushe su yi layi a bokiti guda, da moɗa guda, ruwan rijiyar nan da aka hana.

Wata yamma ina zaune a barandar aji ina tsince shinkafa, ina kallonsu. Wani yaro a sahun baya ya dafe ciki, ya fita da gudu ya nufi bayan aji. Bai kai ba. Na ga ya durƙusa, abin yana bin ƙafarsa kamar ruwan shinkafa. Malam yana fuskantarsu, ya gani sarai. Hannunsa bai daina kaɗawa ba. Ya ce, "Na kusa, matsa hagu. Sahun baya, ku ƙara murya."

Faifan ya suɓuce daga hannuna. Maganar Kumburau ce kalma a kan kalma, kamar yana zaune tare da mu a bakin kasko. Na ji yawu ya taru mini a baki. Na tashi na ɗauki yaron na kai wa uwarsa, na dawo na ratsa sahu na kamo hannun Hafsatu.

"Ke lahiya?" in ji Malam.

"Malam, ɗiyan ga ciwo ka ɗibarsu ɗai-ɗai, kai ko kana gani."

Ya dube ni, ya gane ni. "Safiya ta Marnona, ko ba ke ba? Ni nak koya miki waƙa. Ashe har kin yi girman da za ki koya mani tausai? Rijiya nika nema muku. Ku yi haƙuri kwana kaɗan."

"Wanda am mace mi za shi yi da rijiya?"

Ya koma kan sahunsa. Tun ban juya baya ba na ji yana cewa wata yarinya ta dawo wurin Hafsatu, ta sassauta murya kaɗan don ta yi daidai da ta gefenta.

Maigidana ya yi faɗa ya ce na kunyata shi a gaban mutane, daga baya ya bar maganar. Na roƙi Hajara ta janye Ruƙayya. Ta ce, "Safiya, ƙaƙa zan yi? Ubanta ya riga ya amsa. Kuma ke kin ga yadda taka murna, gaban babban mutum za ta yi waƙa." Ban ga laifinta ba. Tun da muka baro gida, wannan ne abu na farko da ya sa 'yarta dariya.

Ran taron Ruƙayya ta tashi da amai tun da safe. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe. Hajara ta goya ta za ta nemi babur, Malam ya tare ta a ƙofar aji. Ya ce baƙi suna hanya, babu wadda ta iya baitocin sai Ruƙayya, a ba shi aronta a gama, shi da kansa zai kai ta asibiti. Ya sa aka jiƙa mata sukari, aka zura mata dogon farin hijabi, aka zaunar da ita a benci tunda ba ta iya tsayuwa. Baƙin da aka ce suna hanya sai bayan azahar suka iso.

Motoci suka tsaya, masu ɗaukar hoto suka fara sauka. Malam ya durƙusa ya kara mata abin magana a baki, ya ɗaga hannu. Ban san inda yarinyar nan ta samo ƙarfi ba. Muryarta ta fito siririya, tas, tana ɗan rawa, har mata suka fara share ido. Ina gefe, ina ganin abin da na gaba ba sa gani. A tsakiyar waƙa cikinta ya sake, farin hijabin ya jiƙe, ruwa yana ɗiga daga benci, ƙuda ya taso. Malam ya duba ƙasa, ya duba masu hoto. Ya yafito manyan 'yan mata biyu da ido suka matso suka tsaya a gabanta. Inda numfashinta ya gaza sai ya shigo da amshi da wuri ya rufe wurin, ba wanda ya ji giɓi. Ko a lokacin na san gwani ne ke aiki.

Alhajin ya tsaya da hankici a hanci, ya tafa, ya ce a ba shi waƙar nan. Aka sauke 'yan buhuna aka yi hoto da su. Malam ya miƙa abin maganar ga wani yaro, ya bi ayari yana gyara hula, har aka buɗe masa mota ya shiga. Wani mai babur ɗan garinmu ne ya ɗauki Hajara da 'yar. A asibiti sun yi iya yinsu, suka ce an makara. Kafin magariba Ruƙayya ta cika.

Da muka koma gari bayan ruwa ya janye, Malam Basiru ya zo gaisuwa. Ya zauna a tabarmar maza ya yi doguwar addu'a, ya ce a duk shekarunsa bai taɓa samun murya irin tata ba. Da zai tafi ya aiko a kira ni zaure. Na ɗauka haƙuri zai bayar. Sai ya ce akwai wani taron Alhaji a ƙasar Rabah, yana neman mai ba da waƙa, kuma ya lura Hafsatu ta haddace baitocin, in an ɗan ɗaga mata murya za ta cike wurin. Tarbiyyar gidanmu ba ta bar ni in zagi malamina ba. Na tofar da abin da ke bakina a gefen takalminsa, na shige gida.

Ina yarinya na ɗauka Zalɓe ne mugun tatsuniyar nan, kuma haushina shi ne ba a hukunta kowa ba. Sai da na girma na gane ba don shi Tumba ta tofa yawu ba. Zalɓe yunwarsa yake bi, kowa ya san abin da yake ci. Ita da ta yi rayuwarta tana jera mata a bakin ƙwarya ta san cewa mai tsara waƙa shi ne farkon wanda ke jin an rasa mutum, tun kafin uwa ta sani, don aikinsa ke nan, sauraron kowa ɗaya-ɗaya. Wannan baiwar ce za ta sa ya ce a tsaya, ita ce kuma za ta ba shi dabarar rufewa. Na san masu tsara waƙoƙin makarantu da yawa, mutanen kirki, waɗanda in yaro ya yi tari sai su zaunar da shi a inuwa. Amma Malam Basiru har yau shi ake aika wa, kuma ba a haƙa rijiyar ba.

Waƙar ta bazu lokacin zaɓe. An ɗora mata kiɗa, tana tashi a motocin kamfen, a shagon mai shayi, a wayoyin samari. Duk inda na ji ta sai in canza hanya. Wata ranar kasuwa Hajara ta shigo wurina da wayar babban ɗanta a ƙulle a bakin zane. Ta ce in raka ta wurin masu tura waƙoƙi, ita kunya take ji ta tambaya.

"Wace waƙa, Hajara?"

"Kin sani."

"Waƙar mutumin da ko gaisuwa bai aiko ba?"

"Ni ba shi nika saurare ba," in ji ta. "Ba ni da hotonta, ruwa ya tahi da shi. Can ɗai tar rage."

Muka je aka tura mata. Da muka dawo ta zauna a bakin ɗakina ta ce in kunna. Ruƙayya ta fara gode wa Alhaji da ya shayar da ita ruwa mai sanyi. Na kau da kai. Hajara ta kara wayar a kunne da hannu biyu. Da aka zo wurin da amshi ya shigo da wuri sai ta ɗago ta dube ni.

"Nan ta gaji," ta ce. "Mayar da shi baya kaɗan."